Kurket Tsakanin Samoa Da Vanuatu: Ziyara Ce Ta Yi Ƙaranci, Ba Gwaninta Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani ɓangare na wasanni da ba kasafai yake samun shiga shafinku ba, wato wasan kurket, musamman irin wanda ƙananan ƙasashen tsibirai suke bugawa a tsakaninsu idan ɗaya ta kwashi 'yan wasanta ta haye teku ta sauka a gidan 'yar'uwarta. Na san cewa ƙwallon ƙafa ce a gaban mafi yawan masu karatu, kuma ba ni da ja a kan haka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake yi wa wasannin waɗannan ƙasashe kallon abin dariya a duk lokacin da labarinsu ya fito, alhali kuwa wanda ya duba da kyau zai ga cewa ba rashin iyawa ne yake damun su ba. Abin da suka rasa shi ne abokin karawa a kai a kai, kuma hukumar da ke riƙe da kuɗin wasan a duniya ba ta ɗauki wannan da muhimmanci ba.

Misalin da zan riƙe shi ne na Samoa da Vanuatu, ƙasashe biyu a kudancin tekun Fasifik. Samoa ta sami 'yancin kai daga Nuzilan a 1962, babban birninta Apia, kuma mutanenta ba su wuce 220,000 da 'yan kai ba. Vanuatu kuwa tsibirai ne sama da 80 waɗanda Birtaniya da Faransa suka yi wa mulkin haɗin gwiwa har zuwa 1980, jama'arta sun ɗan haura 300,000, babban birninta Port Vila. A taswira ana lissafa su a matsayin maƙwabta, amma tsakanin biranen biyu akwai ruwa na sama da kilomita 2,000.

Saboda masu karatun da ba su saba da wasan ba, ya kamata in ɗan yi bayani. Kowace tawaga tana da mutum 11. Ɗaya tana jifan ƙwallo tana tsaron fili, ɗayar tana bugu da sanda tana tara maki, sannan a yi musanya. Mai jifa yana nufin turaku uku da aka kafa a bayan mai bugu, idan ya same su ko aka cafe ƙwallon da aka buga tun ba ta taɓa ƙasa ba, to mai bugun ya fita. Idan ƙwallo ta gangara ta tsallake iyakar fili maki 4 ne, idan kuma ta tsallake ta sama ba tare da ta dira ba maki 6 ne. Ana yin jifa shida a jere daga hannun mutum ɗaya, waɗanda zan riƙa kira zubi ɗaya a wannan wasiƙa. A gajeren salon da ake kira T20 kowace tawaga tana da zubi 20, kuma ana gama wasa cikin kimanin awa uku.

A watan Agustan 2024 'yan wasan Vanuatu suka je Apia, tare da na Fiji da na Tsibiran Cook, domin gasar share fagen shiga Kofin Duniya na T20. Ranar 20 ga watan suka kara da masu masauki. Samoa ce ta fara bugu, kuma in ban da mutum ɗaya babu wanda ya tsaya a cikinsu. Mutumin shi ne Darius Visser. A zubi na 15 aka miƙa ƙwallo ga Nalin Nipiko, ɗaya daga cikin 'yan wasan da Vanuatu ta fi dogara da su. Jifan farko Visser ya aika da ƙwallo waje ta sama, alƙali ya ɗaga hannu biyu, maki 6. Na biyu haka, na uku haka. Daga nan Nipiko ya yi jifan da ya saɓa ƙa'ida, alƙali ya miƙa hannu ɗaya gefe, aka ba Samoa maki ɗaya kyauta aka ce ya sake. Dokar wasan ta ce jifan da ke biye da irin wannan kuskure ba a fitar da mai bugu da shi ko da an cafe ƙwallon, saboda haka Visser ya saki hannu ba fargaba, ya sake samun 6. Jifa na biyar bai ba da komai ba, kuma da a ce na shida ya zo daidai da an wuce wurin ba tare da duniya ta ji labari ba. Sai Nipiko ya sake kuskure sau biyu a jere, Visser ya ɗaga na biyun ya fitar da shi waje, sannan ya ƙarasa zubin da wani bugun na 6. Bugu shida na maki shida-shida da kuskure uku suka ba da maki 39 a zubi ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba a wasan T20 na maza tsakanin ƙasa da ƙasa. Kafin ranar 36 ne iyaka, kamar yadda Yuvraj Singh na Indiya ya yi wa Stuart Broad na Ingila a 2007, Kieron Pollard kuma ya maimaita a 2021.

Wannan shi ne abin da kafofin labarai suka ɗauka, kuma a nan mafi yawansu suka tsaya. Abin da ba su faɗa ba ya fi wanda suka faɗa daɗi. Visser ya tashi da maki 132 daga jifa 62, alhali tawagarsa gaba ɗaya 174 ta tara, wato kashi uku cikin huɗu na makin daga sandarsa suka fito. Da aka juya, wanda aka yi wa wancan ɓarin, wato Nipiko, shi ne ya shigo ya tsaya wa Vanuatu har ya tara maki 73, ƙasarsa ta kai 164, ta faɗi da tazarar maki 10 kacal. Mutumin da aka kunyata a gaban jama'a, sunansa ya shiga kundin tarihi ta ƙofar da ba wanda yake so, bai sunkuyar da kai ba, ya dawo cikin awa ɗaya ko biyu ya kusa ƙwace wasan da hannunsa. A ganina wannan ne labarin ranar, kuma duk editan wasanni da ya sami irinsa a wata babbar gasa da ya ba shi shafi guda.

Masu raina irin waɗannan wasanni suna da hujjarsu, kuma ba zan ɓoye ta ba. A watan Afrilun 2018 Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, ta yanke cewa duk wasan T20 da ƙasashe biyu mambobinta suka buga za a lissafa shi cikakken wasan ƙasa da ƙasa, na mata daga Yulin 2018, na maza daga Janairun 2019. Kafin nan ƙasashe ƙalilan ne suke da wannan matsayi. Da aka buɗe ƙofa sai alƙaluma masu ban mamaki suka fara shigowa. A watan Fabrairun 2023 tawagar tsibirin Man ta ƙare gaba ɗayanta da maki 10 a hannun Sifaniya, wadda ta cimma makin cikin jifa biyu na ƙa'ida. Masu suka suna cewa bai kamata a rubuta sunan wanda ya yi bajinta a kan 'yan koyo a shafi ɗaya da wanda ya yi ta a kan manyan masu jifa na duniya ba. Akwai gaskiya a ciki, domin ba wanda zai ce bugun Visser da na Yuvraj nauyinsu ɗaya.

Amma ina so masu wannan magana su tuna da Nuzilan. A watan Maris na 1955, a birnin Auckland, Ingila ta fitar da 'yan wasan Nuzilan duka da maki 26, kuma har yau ba a sami mafi ƙaranci daga haka ba a dogon salon wasan na kwanaki, wanda shi ne mafi daraja. Ƙasar ta fara buga wannan salo a 1930, ba ta ɗanɗana nasara ba sai a 1956, bayan shekara 26, a wasanta na 45. Ba wanda ya ce a goge waɗannan wasanni daga lissafi, kuma ba a daina ziyartarta ba. Ingila ta ci gaba da zuwa, Afirka ta Kudu ta zo, ita ma ta ci gaba da zuwa wurinsu tana shan kashi tana koyo, har ta zama ƙasar da ta ɗauki kofin duniya na dogon salon a 2021. Babu ƙasar da aka haifa da iyawa. Waɗanda suka iya yau an bar su sun buga ne tun suna faɗuwa.

Labarin Fiji ya fi kusa da abin da nake nufi, kuma yana da ɗaci. Tun 1895 tawagar Fiji ta je Nuzilan ta zagaya tana buga wasanni, ta koma a 1948, ta sake komawa a 1954. A farkon 1956 tawagar West Indies, wadda ke wakiltar ƙasashen yankin Karebiyan, ta yada zango a Suva, babban birnin Fiji, a kan hanyarta ta zuwa Nuzilan, da matashi Garfield Sobers a cikinta, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan kurket na duniya. Suka buga wasan yini ɗaya da mutanen gari, Fiji ta tara 91, baƙin suka tsaya a 63. Kyaftin ɗin Fiji a ranar shi ne Ratu Kamisese Mara, wanda ya zama firaministan ƙasar na farko bayan samun 'yanci a 1970. Wannan tawagar West Indies ɗin ce kuma Nuzilan ta doke a ƙarshen ziyarar ta sami waccan nasara tata ta farko. A 1965, da hukumar duniya ta fara karɓar ƙananan mambobi, Fiji tana cikin ukun farko, tare da Amurka da Silon, wadda ake kira Siri Lanka yanzu. Siri Lanka ta zama cikakkiyar mamba a 1981, ta ɗauki Kofin Duniya a 1996. Fiji kuwa yau tana fafutukar tsallake gasar ƙasashe huɗu a yankinta.

Za a ce ai Siri Lanka tana da mutum fiye da miliyan 20, Fiji ko miliyan ɗaya ba ta cika ba, kuma wasan zari-ruga ya kwashe samarinta. Haka ne. Sai dai akwai wani bambanci da ba a cika ambata ba. Siri Lanka tana gefen Indiya, tana da kofin da take bugawa da jihar Madras shekara da shekaru, kuma jiragen ruwan da ke ɗauke da tawagogin Ingila da Ostireliya suna tsayawa a Colombo a buga wasa kafin su wuce. Ba ta taɓa rasa wanda za ta gwada ƙarfinta da shi ba. Fiji kuwa da zamanin yada zango ya wuce, manyan tawagogi suka koma ratsa sararin samaniyarta ba su sauka, sai ta zauna ita kaɗai da filinta.

A nan ne maganar ziyara ta shigo. Gasar share fage irin ta Apia mako guda ake yi a watse. Ɗan wasa ya buga wasa shida cikin kwana takwas, ya koma gida ya koma aikinsa, watakila ba zai sake sanya rigar ƙasarsa ba sai bayan watanni masu yawa. A irin wannan gasa kowane wasa na a-mutu-ko-a-yi-rai ne, saboda haka mai horarwa ba zai yi kasadar saka yaro ɗan shekara 18 ya gwada shi ba, tsofaffin hannu zai ta maimaitawa har ƙafarsu ta gaji. Ziyarar ƙasa biyu ba haka take ba. Tawaga ta sauka ta yi kwana goma, a buga wasa biyar da abokin karawa ɗaya. Mai jifan da aka ɓarar ranar Litinin yana da Laraba da Juma'a ya fuskanci mutumin nan dai, ya canja tsawon jifansa, ya rage gudu, ya gane inda sandar mutumin ba ta kaiwa. Mai bugun da aka gano rauninsa dole ya gyara ko ya koma benci. A wasa na huɗu, idan an riga an san wanda ya ci jerin, sai a ba yara dama. Ilimin da ake samu a nan ba a samun sa a atisaye, kuma ba a samun sa a gasar da kowa zai gamu da kowa sau ɗaya ko biyu a rabu. Bugu da ƙari, jadawalin matsayin ƙasashe na ICC yana buƙatar a buga wasu adadin wasanni cikin 'yan shekaru, wadda ba ta cika ba sai a cire sunanta, ko da ba a doke ta ba.

To me ya hana su ziyartar juna? Kuɗi ne da nisa. Tawaga ɗaya, idan aka haɗa 'yan wasa da mai horarwa da mai duba lafiya da manaja, ta doshi mutum 20, ga jakunkunan kaya masu nauyi waɗanda kamfanonin jirage suke cajin kuɗi a kansu daban. Mai tashi daga Port Vila zuwa Apia galibi sai ya sauka a Nadi ta ƙasar Fiji ya jira wani jirgin, wani lokaci har da kwana. A watan Mayun 2024, wata uku kafin gasar Apia, kamfanin jiragen saman Vanuatu na ƙasa ya durƙushe saboda bashi, jiragensa suka daina tashi. Hukumomin wasan suna tara abin da suka samu a gida da kuɗin tala a Samoa da na vatu a Vanuatu, alhali sanda da ƙwallo da hular kwano duk daga waje ake sayo su. Sannan ga yanayi: daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin ruwa ne da guguwa. Guguwar Pam ta yi wa Vanuatu kaca-kaca a Maris na 2015, wasu biyu suka biyo juna cikin mako guda a Maris na 2023, sannan girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.3 ta afka wa Port Vila ranar 17 ga Disamban 2024. Gwamnatin da ke neman kuɗin gyara asibiti da gada ba za a zarge ta ba idan ta ce tikitin 'yan kurket ya jira.

Idan ana son ganin abin da ziyara ke yi idan hanya ta yi sauƙi, a dubi Jersey da Guernsey, tsibirai biyu a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa. Ba ƙasashe ne masu cikakken 'yanci ba, suna ƙarƙashin masarautar Birtaniya, amma kowanne mamba ne na ICC da kansa. Jersey tana da mutum kimanin 100,000, Guernsey kimanin 64,000, kuma tazararsu ba ta kai kilomita 50 ba. Tun 1950 suke karawa kusan kowace shekara, bana a nan, baɗi a can. A 2019 suka buga jerin wasanni uku na T20 na farko da aka lissafa na ƙasa da ƙasa, wasan farko ya tashi kunnen doki sai da aka ƙara zubi na raba gardama. A watan Yulin 2025, a ƙasar Holan, Jersey ta doke Sikotilan a jifan ƙarshe, ta tashi da maki daidai da Italiya, lissafin saurin tara maki ne kawai ya hana ta zuwa Kofin Duniya na 2026. Ba na musun cewa tsibiran nan biyu masu arziki ne kuma suna kusa da kulob-kulob na Ingila. Amma yaron da ya tashi a Jersey ya san tun yana makaranta cewa akwai ranar da ake jira kowace shekara, akwai abokin hamayya da za a je gidansa, kuma wannan kaɗai ya isa ya riƙe shi a wasan.

Abin takaicin shi ne mutanen Samoa ba sa buƙatar a koya musu wannan. Da Turawan Ingila, ma'aikatan jiragen ruwa da 'yan mishan, suka kawo kurket a ƙarni na 19, mutanen ƙasar suka karɓe shi suka sāke masa kama ya zama nasu, suna kiransa kilikiti. Sandarsa doguwa ce mai kusurwa uku, ta yadda mai bugun kansa bai san inda ƙwallo za ta nufa ba. Ƙwallon da ɗanyen roba ake naɗa ta. Babu ƙayyadadden adadin 'yan wasa, maza da mata da yara duk wanda ya zo ya shiga, da zani ɗaure a ƙugu, ana waƙa ana tafi ana busa usur, idan an fitar da mutum sai masu tsaron fili su yi rawa tare. Ƙauye guda yakan tashi ya tafi wani ƙauyen, masu masauki su ɗauki nauyin ci da kwana, a yi kwanaki ana bugawa, har ta kai mahukuntan wancan zamani suna kafa dokokin taƙaita shi saboda ana barin aikin gona da na kwakwa. Mutanen da suka san zumunta a ƙafa take tun kafin a kafa hukumar duniya, yau su ne suke zaune suna jiran a aiko musu da takardar gayyata daga Dubai, hedikwatar ICC, kafin su ga maƙwabtansu.

Matan yankin ma sun nuna abin da za su iya. Matan Samoa sun ci zinare a Wasannin Fasifik na 2019 a gidansu, kamar yadda mazan Vanuatu suka doke Papuwa Nugini a ƙasarta suka ci na 2015. A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta rufe filayen wasa a kusan duk duniya, Vanuatu ba ta da ko mutum ɗaya da aka tabbatar ya kamu, sai aka watsa wasan ƙarshe na gasar matan ƙasar kai tsaye ta intanet, mutane daga nahiyoyi daban-daban suka zauna suka kalla don babu wani wasan. Wasu sun ɗauka abin na ranar ne kawai. A 2023 matan Vanuatu suka ci gasar yankinsu a Port Vila, a Afrilun 2024 kuma suka je Abu Dabi ƙarƙashin kyaftin Selina Solman suka fitar da Zimbabuwe, cikakkiyar mambar ICC, da maki 61, suka ci wasan. Sai da aka yi musu gidauniya kafin su sayi kayan wasan da suka je da su, kuma wasu daga cikinsu aikin gona na kaka suke yi a Ostireliya suna atisaye bayan an tashi.

Akwai wata hanya da Samoa ta bi wadda nake da ra'ayi biyu a kanta. A 2025 Ross Taylor, wanda ya buga wa Nuzilan dogon salon wasa sau 112 kafin ya yi ritaya a 2022, ya dawo fili yana da shekara 41 domin ya wakilci Samoa, ƙasar mahaifiyarsa, bayan cikar shekara uku da doka ta gindaya. Ya je gasar share fage a Oman, inda Samoa ta tsallaka zagaye na biyu amma tikiti uku suka tafi ga Nepal da Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ba ni da abin cewa sai yabo ga mutumin da ya tuna da dangin uwa, kuma matashin da ya zauna ɗaki ɗaya da shi na mako biyu ya ƙaru. Samoawa da yawa suna zaune a Auckland da Sydney, kuma haƙƙinsu ne su sa rigar ƙasar. Sai dai tawagar da ake haɗawa a filin jirgi kwana kaɗan kafin gasa ba ta barin komai a Apia idan an watse. Yaron da ke ƙauye a tsibirin Savai'i ba zai ga Oman ba. Zai ga wasa ne idan baƙi sun zo ƙasarsa.

Kuɗin yin haka kuwa akwai shi. A tsarin rabon da ICC ta amince da shi a 2023 na shekarun 2024 zuwa 2027, ana sa ran raba kimanin dala miliyan 600 a kowace shekara. Indiya kaɗai tana ɗaukar kusan kashi 38.5 cikin ɗari. Cikakkun mambobi 12 suna kwashe kusan kashi 89, ragowar kashi 11 kuma shi ne na ƙananan mambobi sama da 90, wanda ko da daidai aka raba shi kowace ba za ta sami dala miliyan ɗaya ba, balle ba daidai ake rabawa ba. Indiya tana cewa kasuwarta ce take kawo mafi yawan kuɗin talabijin, kuma gaskiya ta faɗa. Ba ina cewa a ƙwace mata ba ne. Ina cewa abin da za a kashe a kai tawagar maza da ta mata ta Vanuatu Apia a jirgi ɗaya, shekara mai zuwa kuma a kai na Samoa Port Vila, ɗigo ne a cikin wannan kuɗi. A ware asusu na musamman wanda ba ya biyan komai sai tikiti da masauki na ziyarar ƙasa biyu, a fifita ƙasashen da teku ya raba, kuma a sa sharaɗin cewa duk wadda aka kai sai ta karɓi baƙi ita ma. Ostireliya da Nuzilan, waɗanda suka riga suna tallafa wa wasanni a yankin, za su iya aiko da tawagoginsu na matasa su zama na uku.

An faɗaɗa Kofin Duniya na T20 zuwa ƙasashe 20 tun 2024, kuma kurket zai koma gasar Olamfik a Los Angeles a 2028 bayan rabuwa da ita tun 1900, ko da yake ƙasashe shida-shida kawai za a ɗauka a ɓangaren maza da na mata. Shugabannin wasan suna yawan nuna waɗannan a matsayin shaidar cewa wasan ya zama na duniya. Ni kuwa ina ganin an faɗaɗa ɗakin sama ne ba a gina matakala ba, domin ƙasar da ke buga wasa shida a shekara ba za ta kai inda ake raba tikitin da ƙarfinta ba.

Roƙona gare ku, ya Edita, ƙarami ne. ICC tana watsa da yawa daga cikin waɗannan wasanni a shafinta na intanet, kuma sakamakonsu yana fitowa nan take, saboda haka ba sai kun aika wakili ba. Ku ware ɗan gurbi a shafin wasanni, ko sau ɗaya a wata, na kurket ɗin ƙananan ƙasashe, tare da gajeren bayanin ƙa'ida ɗaya a kowane fitowa domin mai karatu ya riƙa fahimta. Idan kuma wani abin mamaki ya sake faruwa irin na Apia, ina roƙon wanda zai rubuta labarin ya duba takardar sakamakon har ƙasa, ya gaya mana yadda wasan ya ƙare da wanda ya tsaya wa waɗanda aka doke, kada ya tsaya a kan zubi ɗaya.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku